Simintin da Na Shafa wa Gidan Yaya

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Kano yana da abin da yake jira daga farar hula. Ni abin da nake jira shi ne a kira ni. Mai zanen gini ne ni, kuma na daɗe ina yawo da takardu a hammata, ofis zuwa ofis, ina gaya wa duk mai saurare cewa gidan ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ba ya bukatar fanka, ba ya jiran wutar lantarkin da ba ta zuwa. Sai a kalle ni sama da ƙasa a ce, "Duk bokon da ka yi, tubali ka dawo mana da shi?" Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da 'yan siyasa suka fara alkawarin gina wa talakawa gidaje, na ce to, ga rana ta zo. Sai dai ba mai ba ka aiki don ya ga zane, sai ya ga gini a tsaye. Ni kuwa ko taku ɗaya na fili ba ni da shi.

Yayata ce take da shi. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da ɗan kango a wani lungu ta wajen Ƙofar Ruwa. Ta sayar da shanun da ta gada wajen mahaifiyarmu don ta gina inda za su sa kai. Bulo take so da kwano, kamar kowa. Na hana ta sakat, kullum ina gidan da take haya ina zuba mata bayani, har ta gaji ta ce, "Auta, kai ka yi karatun. Ni dai kar ka bar ni a waje da marayu."

Na samo wani tsohon magini da ya gaji sana'ar. Shi ya sa aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka bar ta ta tsumu, aka yi tubali. Gini ya tashi yadda na zana shi, da 'yan tagogi can sama inda zafi zai fita. Da azahar in ka shiga ɗakin Yaya sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa.

Saura yaɓen waje. Tsohon ya tanadi makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa yaɓe da ruwansa don ruwan sama ya zame, a kuma sabunta shi kafin kowace damina. Ni kuma an yi min alkawarin 'yan kwamitin gidaje na sabuwar gwamnati za su zo gani. Na san idonsu. In suka hango jar ƙasa daga bakin lungu, ba za su ƙaraso ba. Na ce a shafe bangon da siminti, a yi masa farin fenti.

"Malam, siminti ba ya kama ƙasa," in ji tsohon. "Zai tsage, ruwa ya shiga ta bayansa, ya rasa hanyar fita."

Na ce, "Baba, ni fa na karanta abin nan."

Na karanta kam, kuma abin da ya faɗa shi ne a cikin littafin. Son a yaba min ne ya rufe min ido. Ya wanke hannunsa, ya gyara hularsa, ya tafi. Na kira masu filasta.

'Yan kwamitin sun zo cikin manyan riguna, sun shiga, sun yaba sanyin. Ɗayansu ya dafa bango ya ce, "Madalla, wane irin bulo ne wannan?" Na ce ƙasa ce. Ya janye hannunsa, kuma ba su sake nemana ba.

Daminar farko ta wuce lafiya. A ta biyu, ana tsakiyar marka, Yaya ta aiko in zo, wai ɗakinta yana warin danshi. Na zagaya bangon gabas, inda ruwa yake duka, na ga tsaga siririya daga gindin indararo har ƙasa. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙwarya. Na sa guduma na fasa simintin, ƙasa ta biyo hannuna jiƙe sharkaf.

Kwana uku ina fama kamar mahaukaci. Na ɓamɓare abin da zan iya, na rufe da leda, na tokare bangon da itace, ina roƙon Allah rana ta fito ko ta yini ɗaya ce. Ruwa bai ɗauke ba. Yaya ta kawo min abinci ta ce, "Zai tsaya ko?" Na ce zai tsaya, alhali ban san abin da nake faɗa ba.

Rana ta huɗu na je zauren tsohon na durƙusa. Na ce, "Baba, don Allah don Annabi. Gidan marayu ne." Bai ce min ai na gaya maka ba. Ya ɗora buhun kayan aikinsa a ka ya biyo ni. Da muka isa ya tura sandarsa a bangon, ta shige har rabi.

"A fitar da yara da kaya," ya ce. "Yanzu."

Yaya ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. "Auta, a fita?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce a fita.

Bayan la'asar bangon ya zauna, azara ta biyo shi. Muna tsaye a zauren maƙwabta, ita da yaran da tabarmi da tukwane, muna kallo. Na so ta zage ni, na so ta mare ni a gaban jama'a. Ba ta yi ba, sai salati take tana ƙirga kan 'ya'yanta.

Da kaka 'yan'uwa suka haɗa hannu za a sake gina mata ɗaki biyu. Na ce wannan karon da makuba za a yi, na san kuskurena. Ta ce, "A'a. Zana min na bulo da kwano." Na zana da hannuna.

Tun daga nan na gina wa bare gidajen ƙasa da dama, ba wanda ya faɗi, har ɗalibai ake kawowa su gani. Yaya tana nan a ɗakinta. Da bazara kwanon yana gasa ta tun hantsi, ga tsufa ga hawan jini. In na je gaishe ta nakan tarar da ita da jiƙaƙƙen zane a ka tana fifita. Sai ta tura min tabarma da ƙafa ta ce, "Zauna daga bakin ƙofa, kai ba ka saba da zafi ba."