Maɓallin Lasifikar Baldomero

Shekara ashirin da shida Baldomero Quiala ya yi yana karatu a gidan naɗin taba na bayan tasha a Guantanamo. Masu naɗi na kan aikinsu, shi yana kan dandamali yana karanta musu, jarida da safe, labari bayan abincin rana. Murya ce da shi mai kauri, wadda ƙirji ke ji kafin kunne, kuma bai taɓa shakkar tana cika ɗakin ba.

Sai aka kawo Yunaisi Lescaille gwajin mako guda, ita da safe, shi da yamma. Ranar Juma'a masu naɗi za su yi zaɓe yadda aka saba, da buga wuƙa a tebur. Wanda aka fi buga wa, kujerar tasa ce.

Muryarta siririya ce. Amma matan layin baya, jikokin 'yan Haiti da suka tashi da yaren Kiriyol a gida, suka ce sai yanzu suka san ana karatu a wurin.

"Malam Baldomero, taka fa kamar babbar mota ce a kan gada," in ji Ma Filomena, babbarsu, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Muna jin wucewarta, ba mu san me ta ɗauko ba."

"Duk shekarun nan ba ki faɗa ba, 'yar'uwa?"

"Na ɗauka haka Sifaniyancin masu ilimi yake."

Tsofaffin layin gaba kuwa cewa suka yi yarinyar ihu take musu. Baldomero ya haɗa zance biyun, ya gano ana murɗa mata maɓallin lasifika ne. Ya ari jan farcen matarsa ya ɗiga a jikin maɓallin. Kwana uku yana riga kowa zuwa don ya leƙa. Ɗigon bai motsa ba, abin da ya tabbatar masa cewa mai yin aikin gwani ne.

Ya tare Eliades mai gyaran wuta. "Kai wa kake yi wa aiki a nan?"

"Kawu, maɓallin nan ya mutu tun guguwar da ta yaye rufin. Ko ka wuni kana murɗawa, ƙara ɗaya ce. Na auna ku ku biyun, wuri ɗaya allurar ma'aunin ke tsayawa."

"Wa ya sa ka aunawa?"

Ranar Juma'a wuƙaƙe suka yi magana, layin baya kuma ya fi na gaba tsawo. Aka ba Baldomero benci kusa da Ma Filomena, yana zare jijiyar ganye.

Litinin Yunaisi ta buɗe jarida. Kowace kalma ta iso masa tas. Ya saurara har ƙarshen shafi, sannan ya matsa kusa da maƙwabciyarsa.

"Kin ji ko? Yau ma sun ƙara mata."

Ma Filomena ta kara hannu a kunne. "Me ka ce?"