Kalmomin da Rediyo Ya Zaɓa

A ɗakin karatu na kwalejin ba mai kiranta da sunanta. Anti Shiru ɗalibai ke ce mata, domin da an ɗaga murya za a ga ta leƙo ta saman tabarau, yatsa a leɓe. Ta fara aikin tun ana neman littafi a akwatin kati, har aka kawo kwamfutoci aka jera a gindin taga, ta koye su da girmanta. Gwanintarta nemo abu ce. Ɗalibi zai zo da batu a yamutse, ta jawo kujera ta ce, "Faɗa mini da bakinka abin da kake son sani." Kafin a tashi aiki ta haƙo masa abin karantawa har ya yi masa yawa.

Mijinta kuwa direban bas ne, abokan aikinsa na ce masa Rediyo. Mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Ko sauro ne ya cije shi, sai ya zama labari mai kai da ƙafa. Idan yana hanya, saƙon murya yake turo mata, dogo, ta saurara tana wanke-wanke.

Wata safiya yana ɗaura takalmi ya sulale ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma hannun dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke. Yana jin kome, yana gane kome, sai dai kalma ta zo bakinsa ta maƙale. Gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin da ko ita ba ta so.

Ta gwada manhajojin da ke yi wa marasa magana magana. Maɓallansu ƙanana, harshensu baƙo, muryar kuma kamar daga cikin gwangwani. Babban yatsansa na hagu ya riƙa danna biyu a lokaci guda, har ya gaji ya juya fuska bango.

Ran nan da rana, ɗakin karatu ba kowa, ta yi wa kanta tambayar da take yi wa ɗalibai. Ta fara bincike a intanet, sai ga ta a wani fanni da ba ta san da shi ba: nazarin yadda mutum da kwamfuta ke mu'amala. Ashe akwai masu ƙare rayuwarsu a kan girman maɓalli da inda yatsa ke iya kaiwa. Ta tarar da shafukan da malaman jami'a suka tara hanyoyin shiga maƙaloli da bidiyon taruka. Wasu hanyoyin sun mutu, ta danna ta ga wayam. Wasu a kulle, sai mai rajista. To, nan fa aka zo fagenta. Ta bi sunayen marubutan har shafukansu, inda da yawa suka ajiye aikinsu kyauta. Turancin masu bincike ya ba ta wuya, ta riƙa bi a hankali, tana maimaita sakin layi har ya zauna.

Da ta ga ta fara gane hanya, sai ta kira ƙanwarta Auta, wadda ke rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani.

"Yaya, ke da ba ki yarda da waya ba, yau ke ce ke koya mini aikina?"

"Ba koya miki nake ba. Karanta wannan, ki ga ko za ki iya."

Auta ta iya. Ta yi manyan maɓallai a gefen hagu na allon kwamfutar hannu, ta kuma sa wa manhajar wayo: da safe ta kawo magani kusa, da rana ta kawo abinci, tana hasashen abin da zai nema. Suka kai masa suna murna. Ya duba, ya danna ruwa, ya danna banɗaki. Washegari ya nemi ruwa inda ya bar shi, ya tarar ya koma wani wuri. Ya ture allon har ya faɗi daga kan gado.

Auta ta ji haushi. "Ni fa barci na hana idona a kan abin nan."

Abin ya tsaya wa Anti Shiru a rai. Ta koma bincike. A wani bidiyo ta ji wata mai bincike na cewa yatsa na haddace wuri, idan na'ura ta riƙa sauya wurin sai ta zama mai wahalarwa. Matar ta ƙara da cewa babban kuskure shi ne a ƙera wa mutum abu ba a zauna da shi ba. Anti Shiru ta buɗe manhajar ta karanta kalmomin da suka zuba: ruwa, magani, ciwo, banɗaki, na gode. Duk kalmomin majinyaci ne. Babu ko ɗaya ta mijinta.

Da yamma ta zauna a bakin gadonsa. "Baban yara, mun yi maka shisshigi. Yanzu kai za ka zaɓa. Zan riƙa faɗa, wadda kake so ka matsa hannuna."

Ta ce, "Sannu." Bai motsa ba. Ta ce, "Ina jin yunwa." Shiru. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ƙarya kake yi!" Ya matse hannunta har ta yi ƙara, kafaɗarsa na rawa da dariya. Haka suka bi: "Tsaya ka ji." "Wa ya ci wasan jiya?" "Kai dai bari." "Ina labari?" Da sunayen abokansa na tasha, kowa da laƙabin tsokanarsa.

Dabarar murya ta Auta ce. Ta karɓi wayar yayarta, ta bi tsoffin saƙonninsa, ta yanko kalmomin daga bakinsa. Ta kafe kowane maɓalli a wurinsa, hasashen kuma ta mayar da shi ɗan layi a sama, in ya so ya taɓa, in bai so ba ya ƙyale.

Ranar gwaji Auta ta ce, "To, Yaya Rediyo, ka yarda dai na fi ka iya tuƙi?"

Yatsansa ya tafi kai tsaye. "Ƙarya kake yi!" in ji allon, da muryarsa sak. Auta ta faɗi kan kujera tana dariya, tana cewa dole a ƙara "kike". Anti Shiru ta shige kicin, wai za ta duba ruwan zafi, ta daɗe ba ta fito ba.

Hannun bai dawo ba, tuƙin bas kuma ya bar shi ke nan. Amma 'yan kalmomi sun fara fitowa da bakinsa, kuma yakan sa a kai shi tasha ya zauna cikin abokai, allo a cinya. Ita kuma ta nemi izini ta buɗe shafi a gidan yanar ɗakin karatun, ta tara duk abin da ta samo, da bayani cikin sauƙin harshe. Ɗaliban jinya suka fi shiga.

Ta nan wata ɗaliba ta same ta, mahaifinta tela ne, irin ciwon ya kama shi. Suka je gidan da Rediyo. Telan na kwance, 'ya'yansa sun kewaye shi, wannan na gyara matashi, wancan na tura masa cokali. Ɗalibar ta tambaya wace kalma za a fara sa masa. Rediyo ya dubi mutumin, ya dubi taron, ya yi ta kokawa da harshensa har ta fito.

"Ku... bar ni... in huta."

Telan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya miƙa masa, suka tafa.