Cikin da Ya Zauna a Tabon Tiyata

Har in bar aikin nan ba zan manta da wata safiyar Talata ba, ina shekarata ta uku a matsayin ungozoma a wani asibiti a nan Tamale.

Wata mai sayar da koko daga Nyohini, Mma Sanatu, ta zo tana ɗigar jini. Cikin wata biyu gare ta, haihuwarta biyu na baya kuma duk tiyata aka yi mata. Na duba ta, na yanke cewa ɓari ne. A irin wannan mukan yi wankin ciki, wato a kwashe abin da ya rage a mahaifa. Har na jera kayan aiki sai ga Dokta Fuseini, babban likitan mata.

"Sista Rabi, an yi mata sikanin?"

"Dokta, layi ya yi tsawo, kuma alamun a fili suke."

"A kai ta yanzu."

Mai sikanin ya ɗora na'ura a mararta, sannan ya juyo mana da allon. Saman mahaifa wayam. Cikin ya gangaro ƙasa ya maƙale a tabon tsohon ɗinki, naman da ya raba shi da mafitsara bai fi kaurin takarda ba. Ga zuciya tana bugawa.

Dokta ya ja ni gefe. "Da kin sa ƙarfen nan, jinin da zai ɓalle sai mun cire mahaifa, in ma mun samu lokaci."

Na koma na kwashe kayan aikin da na jera.

Da aka yi wa mijinta Malam Yakubu bayani, ya miƙe tsaye. "Dokta, tunda yaron na da rai, ku tura shi sama mana!"

"Malam, ba ya turuwa. In ya ƙara girma, wurin zai fashe."

Mma Sanatu ta share hawaye da bakin mayafinta. "Yarana biyu na gida. Ku yi aikinku."

Ƙannenta biyu suka ba da jini. Bayan azahar aka shiga da ita, aka yanke tabon tare da cikin, aka sake ɗinke wurin. Mahaifarta ta tsira. Ranar sallama ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, ni kuwa na kasa kallon idonta.

Ƙannena ungozomomi, ranar ba jahilci ne ya kusa sa ni kisa ba, sabo ne. Mace mai tabo a mara ta zo da ƙaramin ciki, kada hannunku ya taɓa ta sai idonku ya ga inda cikin ya zauna.