Motar Baba Direba

Shekara talatin Baba Direba yana jan tasi, kuma kullum da safe shi ke wanke motarsa da hannunsa. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ɗansa ya dawo da shi sabon benen da suke haya. Kowane gida wurin mota ɗaya aka ware masa, sai aka kai tasin garejin ƙaninsa, wai kafin a samu wuri.

Wata bakwai ke nan. Yakan wuni bakin taga, in wata mota ta fita ya ce da surukarsa, "Nan ma da ya ishe ta, ai ba ta da faɗi."

"Wurin maƙwabcinmu ne, Baba," in ji ta. "Yanzu zai dawo."