Mai Ɓarar Gyaɗa a Kan Dandamali

Ni dai ban taɓa ɗaukar wasan kwaikwayo a bakin komai ba. Na daɗe ina koyarwa a firamare a Bungudu, kuma abin da na sani shi ne a cusa wa yaro tsumma a ciki ya zama Alhaji, a shafa masa alli a haɓa, iyaye su yi dariya a watse. Saboda haka da ƙanwata ta kawo mini takardar gayyata, wai matasan marubuta za su nuna gajerun wasanni huɗu a zauren wata makaranta a Gusau, cewa na yi ta gaishe su. Sai ta ce, "Wadda ka aiki Tsahe na cikinsu hwa."

Wadda ke aiki a Tsafe 'yata ce ta fari. Haka nake ambatonta, ko in ce yarinyar nan, ko da yake ta haura talatin. Ban taɓa faɗin sunanta ba. Haka muka taso: ana jin kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a yaba masa a gaban ido. Ana yaye ta uwar mijina ta tafi da ita Kwatarkwashi, can ta girma. Kakarta take ce wa Inna, ni kuma Yaya.

Muka je ranar Asabar da hantsi. Ina ta baza ido in ga masu tsumman ciki, babu ko ɗaya. Kujera biyu da tabarma, su ke nan kayan wasan. Aka ce mana ba a faɗin wanda ya rubuta wasa sai an gama shi. Na farko na wani direba ne da fasinjansa guda a tasha, mota ta ƙi cika, kuma na yi dariya har na ji haushin kaina. Na biyu wani manomi ne zaune a ƙofar gida yana wasa fartanya, damina ta faɗi, matarsa na tambayarsa yaushe zai je gona. Har aka gama bai faɗi abin da ya hana shi zuwa ba, kuma babu wanda bai san abin da ke cikin dajinmu yanzu ba. Wani dattijo a bayana da ya ce daga Ruwan Bore yake, sai jan hanci yake yi. Ashe a ɗan lokacin da tuwo bai isa nuna ba ana iya yi wa mutum haka.

A na uku wata mata ta fito ta zauna a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Yarinya ta shigo da takarda a hannu, ta durƙusa ta ce, "Yaya, na zo ta ɗaya." Matar ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Aje can." Ko ɗaurin ɗankwalinta nawa ne, har da ɗan tarin da nake yi kafin in yi magana.

Yarinyar ta fita, ta sake hijabi, ta dawo da takardar sakandare. Aje can. Ta dawo da ta jami'a. Aje can. Da farko mutane dariya suke yi, daga baya zauren ya yi tsit. Da yarinyar ta fita a karo na ƙarshe, matar ta jawo takardun, ta kwashe ɓawon gyaɗa da su, ta zuba duka a murhu. Wata a gefena ta ce, "Wagga uwa ba ta da imani." Aka kira sunan marubuciya, 'yata ta miƙe a sahun gaba ana tafa mata. Ban tsaya wasa na huɗu ba.

Kwana uku ina yi wa ƙanwata faɗa kamar ita ta rubuta. Na ce an tara Gusau an tsire ni. Amma ba tonon asirin ne ya hana ni sukuni ba, murhun ne. Duk shekarun nan abin da take zaton na yi da takardunta ke nan.

A rana ta huɗu na jawo adakata daga ƙarƙashin gado, na hau mota zuwa Tsafe. Ta yi mamakin ganina, don ban taɓa taka gidanta ni kaɗai ba. Ta kawo ruwa, ta durƙusa nesa. Na tura mata adakar da ƙafa, ina kallon bango. Ta buɗe. Takardunta na nan a jere cikin tsohon zane, tun daga ta aji ɗaya. Har da wata da ruwa ya taɓa, na goge ta da dutsen guga.

Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Yaya, ki yahe mani. Ni gyara ƙarshen wasan."

Na ce, "Kak ki taɓa shi. Abin da kinka gani na kinka rubuta. Kuma ya yi kyau, ya hi na mai hwartanya."

Shi ne yabo na farko da na taɓa yi mata, shi ma bango na yi wa. Na so in kira sunanta a lokacin, wallahi na so, harshena ya ƙi.

A mota, kan hanyar komowa Gusau, na gwada sunan a hankali, in ji yadda yake a bakina. Matar da ke kusa da ni ta juyo ta ce, "Hajiya, da ni kike?"

Na ce, "A'a. Ɗiyata ta."