Hajara da maganin da aka hana ta

Da safen nan ina tsaye gaban aji da alli a hannu aka kira ni a waya, wai Hajara ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗalibata ce tun aji uku, 'yar unguwar Iku, shekararta goma sha ɗaya. Ni na fara zaluntar ta, gara in faɗa da bakina. Rubutunta ya riƙa kauce wa layi, ni kuma ina buga mata rula a hannu wai wasa ya yi mata yawa. Ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa yake danne jijiyar ganinta. Duk da haka kullum ita ke riga kowa goge mini allo.

Sai da aka gama yawon kemis da tabaran kasuwa sannan aka yi mata hoton kai. Aka yi mata gashi, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, mahaifiyarta tana ta jigila da ita sati da sati. Idon hagu ya riga ya tafi, amma na dama ya tsira, ƙarin ya tsaya. Ta dawo makaranta, na mayar da ita bencin gaba.

Likita ya yi musu bayani dalla-dalla. Gashin ya taɓa wurin da ke ba jiki ƙarfin jure ciwo, don haka akwai 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum, in zazzaɓi ya zo kuma a garzaya asibiti.

Sai baffanta, mai riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinta, ya yanka rago ya yi walima ya ce ta warke. Wai mai lafiya ba ya shan magani, ƙwaya kullum ɓata jinin yaro take yi. Mutumin da ko sau ɗaya bai taka asibitin ba. Ya karɓe maganin, uwa ta ƙyale shi saboda ba a musu da babba.

Ranar Alhamis na same ta kwance kan benci, yara duk sun fita hutun tara. Ta ce, "Anti, jikina ne ba ƙarfi. Kar ki gaya wa Baffa na ce ina son maganina."

Na ce mata zan zo gidan ranar Asabar. Ban je ba, biki na tafi Diko. Lahadi zazzaɓi ya kama ta.

Don Allah kar wanda ya rubuto mini "kwana ne ya ƙare". Na sani, ni ma musulma ce. Amma raina a ɓace yake. Yarinya ta tsira daga ƙari, ta jure gashi, sai zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta, maganinta yana kulle a akwatin baffanta.

Allah ya jiƙan ki Hajara, ya haskaka kabarinki, ya sa ki ceci iyayenki.

Ku yi mata addu'a, ku yi wa mahaifiyarta. In da saura, ku roƙa mini Allah ya yafe mini Asabar ɗin nan.