Mai Ƙosan da Ta Gyara Mana Ƙidayar Tsuntsaye

Wata rana, ranar Asabar da hantsi, mu shida muka shiga tsohon lambun da ke bayan unguwarmu a Kaduna.

Ba wanda ya ɗauke mu aiki. Mu muka sa kanmu.

An ce za a share lambun a yi tashar mota, wai ba komai a ciki sai ciyawa da ledoji. Da muka kai kukanmu ga kwamitin unguwa, sai ya ce mu rubuto duk wata bishiya da tsuntsu da dabbar da ke wurin, a kai wa hukuma ranar Litinin.

Nafi'u, wanda ya karanci ilimin tsirrai, shi ne jagoranmu. Ni ce mai rubutu. Muka zo da igiyar awo, da littafi, da wayoyi masu gane ganye in ka ɗauki hotonsa.

Mun ji kanmu ƙwararru sosai.

A bakin lambun akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai. Muka wuce ta ko sallama babu.

Awa biyu muna zagaye. Nafi'u ya ɗauki hoton wata babbar bishiya, waya ta ce wai 'yar ƙasar Birazil ce. Ni kuma na rubuta, har da jan layi a ƙasa.

Muna cikin auna gindinta sai ga dattijuwar nan ta taho da sauri, ta ci ɗamara da mayafi, cokalin suya a hannu.

"Ku ne masu awon fili? To ku fara aunawa ta kaina!"

Na ce, "A'a Inna, tsuntsaye muke ƙirgawa, don kada a share wurin."

Ta sauke cokalin. "Iri nawa kuka samu?"

"Sha ɗaya."

"Ashirin da uku ne, 'yar nan. Kun zo rana ta take, kuna surutu kamar gidan biki. Wa zai tsaya muku?"



Da na karanta mata zancen Birazil, dariya ta yi har sai da ta dafa bishiyar. Ashe kanya ce. Kanyar da muka sha tun muna yara!

Shekararta ashirin da shida tana suya a wurin.

Washegari muka dawo bayan sallar asuba. Wannan karon mun durƙusa mun gaishe ta.

Ta bar kaskon wa maƙwabciyarta, ta shige gaba.

Ta nuna mana kogon da cilakowa ke ƙwai a jikin ɗorawa. Ta nuna ramin damo. Ta ɗaga wani busasshen reshe a hankali, sai ga bushiya da 'ya'yanta uku a dunƙule. Nafi'u ya kusa ihu, ta harare shi, ya haɗiye abinsa.

Tsiryar da ta ce tana zuwa ba mu gan ta ba, ta ce mu rubuta "Inna ta gani." Haka muka rubuta.

Littafina ya cika, na koma rubutu a bayan takardar ƙosai.

Ranar Litinin aka kai rahoto, sunanta a sama da namu.

Ba zan ce muku an bar lambun duka ba. An yanki gefen titi an yi tashar. Amma bishiyoyin, da ramukan, da inda Inna ke kafa murhunta, duk suna nan.

Yanzu mu sha tara ne duk Asabar. Ita ke raba mu rukuni-rukuni, kuma wanda ya makara ba ya samun ƙosai.

Darasi: Kafin ka buɗe littafi ka rubuta labarin wuri, ka gaida wanda ka tarar a zaune. Mai yiwuwa abin da ka zo nema ya shekara ashirin yana kallonsa kullum.

In akwai irin Inna a unguwarku, ku je ku gaishe ta gobe da safe. Sannan ku tura wannan ga abokinku da ke wuce mutane ba sallama.